Yadda za ka fara sauraron kiɗan Can da Neu!: ka bi mai ganga

Duk wanda na kunna wa kiɗan nan karon farko, tambayarsa ɗaya ce: "To yaushe waƙar za ta fara?" Alhali tuni ta fara. Kiɗan da matasan Jamus ta Yamma suka yi daga 1968 zuwa tsakiyar shekarun 1970, wanda 'yan jaridar Ingila suka laƙaba wa suna krautrock, ba ya tafiya da baiti da amshi yadda kunne ya saba. Waɗannan matasa sun taso a ƙasar da yaƙi ya rusa. Waƙoƙin soyayya masu sanyi da iyayensu ke ji a rediyo ba su yi musu ba, kuma ba sa son zama 'yan kwaikwayon Amurka da Ingila. Sai suka nemi nasu na kansu. Ina matuƙar ƙaunar abin da suka samo, kuma ga hanyar da nake bi da duk mai son shiga.

Ka fara da Neu!, mutum biyu daga Düsseldorf: Klaus Dinger a kan ganga, Michael Rother a kan jita. Dukansu sun ɗan yi zama a ƙungiyar kiɗa ta Kraftwerk kafin su ware a 1971. Ka nemi "Hallogallo", kiɗan farko a faifansu na 1972. Minti goma ne, babu muryar kowa a ciki. Kada ka kunna shi kana hira ko kana duba saƙonni. Ka sa abin sauraro a kunne biyu, in da hali ka fita tattaki, don kiɗan tafiya ne. Ka ajiye hankalinka a kan gangar Dinger kawai. Bugu ɗaya yake maimaitawa, ba ya sauri, ba ya lafawa, ba ya ƙawa. Da zarar ƙafarka ta kama bugun, za ka fara jin jitar Rother tana shigowa hawa-hawa, wata a kan wata, wata ma an juya ta baya a tef. Conny Plank ne ya ɗauki sautin, kuma ka riƙe sunan nan, don hannunsa na cikin faifai da yawa na wannan zamani.

Daga nan sai Can, kuma a nan nake so ka daɗe.

An kafa su a birnin Kolon a 1968. Biyu daga cikinsu, Holger Czukay da Irmin Schmidt, sun yi karatun kiɗa a wajen Karlheinz Stockhausen, shahararren mai tsara kiɗa ɗan Jamus. Amma a wurina zuciyar ƙungiyar ita ce Jaki Liebezeit. Gwanin jazz ne da ya iya kowane irin salo, ya ajiye duk wannan ya zaɓi maimaici. Ka fara da faifan Ege Bamyasi na 1972, mai hoton gwangwanin kuɓewa a bango. "Vitamin C" gajere ne, bai kai minti huɗu ba, zai nuna maka hannun mutumin. In ya shige ka, ka wuce "Halleluhwah" a faifan Tago Mago na 1971, wanda ya haura minti 18. Ka saurare shi sau biyu. A karon farko ka bi gangar: za ka rantse inji ne, sai can ka ji wani ɗan ƙaramin bugu ya kutsa tsakanin manya biyu, ya ɓace, ya sake dawowa a wani gurbin. Kamar masu daka ne da suka haɗa hannu a turmi guda, taɓarya ba ta karo da 'yar'uwarta. A karo na biyu ka bi jitar bes ta Czukay, ka ga yadda yake rowar sauti, ya taɓa nan ya yi shiru, ya bar wa ganga fili.

Yana da kyau ka san yadda suke aiki, don zai canza maka sauraro. Sukan zauna su yi ta kiɗa na tsawon lokaci ba tare da sun tsara komai ba, tef na juyawa. Daga baya Czukay ya bi tef ɗin ya yanke, ya liƙa, ya fitar da abin da muke ji. Saboda haka in ka ji kiɗa ya yi tsalle ba zato daga wani yanayi zuwa wani, ba kuskure ba ne, wurin yankan ke nan.

Muryar mawaƙinsu Damo Suzuki kuwa, kada ka wahalar da kanka neman ma'ana. Ɗan Japan ne da Czukay da Liebezeit suka tarar yana waƙa a titin Munich a 1970, kuma a daren ranar ya hau dandamali tare da su. Yana cakuɗa Ingilishi da Japananci da sautukan da shi ya ƙirƙira. Ka ɗauki muryarsa a matsayin wani abin kiɗa cikin sauran. Shawara ɗaya a kan Tago Mago: ka tsallake "Aumgn" tukuna. Yana da nauyi ga sabon kunne, ka bar shi sai ka saba da mutanen.

Sauran hanyar ba wuya. "Autobahn" na Kraftwerk, 1974, ya haura minti 22 kuma yana da daɗin shiga. Daga wannan ƙungiya ne Afrika Bambaataa, makaɗin hip-hop na Amurka, ya ɗauko karin da ya gina "Planet Rock" a 1982. In kana son mai laushi, ka nemi Harmonia, inda Rother ya haɗu da mutum biyun ƙungiyar Cluster a ƙauyen Forst, har makaɗin Ingila Brian Eno ya je ya yi aiki da su a 1976. Ƙungiyar Faust kuwa, ka bar su a ƙarshe. Gutsattsarin sauti suke haɗawa, wani lokaci da hayaniya tsagwaronta, kuma sai kunnenka ya koyi haƙuri a wajen Dinger da Liebezeit kafin ka ji daɗinsu.