Yadda nake koya wa ɗalibai tace labarin Mansa Musa

Duk shekara idan muka iso kan daular Mali, tun ban gama rubuta sunan a allo ba wani yaro zai ɗaga hannu: "Malam, ai shi ne wanda ya fi kowa kuɗi a duniya, dala biliyan 400." Bara wata ɗaliba ta zo min da wayar yayanta, ta nuna min hoton da ke yawo a WhatsApp: wani ƙato a kan karaga, wuya da hannuwa fal sarƙoƙi, bayansa tsibin zinariya. Idanunta na ƙyalli don alfahari, kuma na fahimce ta, don ni ma ina ƙaunar wannan sarki. Ƙaunar ce ta sa ba na yarda a mayar da shi buhun kuɗi. Ga hanyar da nake bi, ko za ta amfani wani malami, ko mai shirya bidiyo, ko uban da ɗansa ya tare shi da tambaya.

Ka fara da adadin, tunda shi ke bakin kowa. Kada ka ce wa yaro ƙarya ne, ka tambaye shi kawai: wa ya ƙirga? Wannan lissafi ya bazu ne daga wani shafin Amurka mai ƙiyasta dukiyar mashahurai, a 2012. Babu wani kundin baitulmali na Mali da ya iso gare mu, balle a juya abin da ke ciki zuwa dala. Sannan a wancan zamani ba a raba aljihun sarki da taskar ƙasa kamar yadda ake lissafa hannun jarin attajiran yau. Arzikin Mali ya taso ne daga zinariyar Bambuk da Bure da ke fita arewa, da gishirin Tagaza da ke shigowa kudu, da harajin da ake karɓa a kan ayarin fatake.

Daga nan sai allo, wanda shi ne zuciyar darasin. Ina ja layi biyu in raba shi gida uku, in rubuta a sama: wanda ya ji daga waɗanda suka gan shi, wanda ya zo bayan ƙarnoni, wanda ya zo jiya. Duk maganar da yaro ya kawo, sai mun sama mata gida kafin mu wuce.

A gidan farko akwai al-Umari, malamin Dimashƙa. Mansa Musa, a kan hanyarsa ta zuwa aikin hajji, ya sauka Alƙahira a 1324, wato 724 bayan Hijira, zamanin Sarkin Misra al-Nasir Muhammad. Al-Umari ya zo birnin bayan shekara 12 ya zauna da mutanen da suka yi hulɗa da shi, har da jami'in da ya tarbe shi. Daga gare shi muka san cewa Musa ya yi ta noƙewa a kan zuwa fada, don ba ya son ya sumbaci ƙasa a gaban wani sarki, da ya je kuma sai ya ce sujadarsa ga Allah da ya halicce shi yake yi. Daga gare shi kuma muka sami labarin faɗuwar darajar zinariya. A nan nake dakatawa in karanta musu adadin sau biyu: miskali ɗaya na zinariya da ba ya yin ƙasa da dirhami 25 ya koma 22 ko ƙasa da haka. Sai in ce su ɗauko biro su lissafa. Faɗuwar ta kama kusan kashi 12 cikin 100. Abin mamaki ne baƙo ɗaya ya girgiza kasuwar babban birni har haka, amma ina wannan ina "ya durƙusar da tattalin arzikin Misra" da masu bidiyo ke faɗa? Ibn Khaldun ma nan gidan yake, shi da ya ce Musa ya yi shekara 25 yana mulki. Haka Ibn Battuta, wanda ya shiga Mali a 1352 lokacin Mansa Sulaiman ɗan'uwan Musa, ya tarar ana ta yabon kyautar marigayin, shi kuwa Sulaiman ya kira shi marowaci.

Gida na biyu na malaman Timbuktu ne na ƙarni na 17. A wurinsu adadin 'yan rakiyarsa mutum 60,000 ya fito, da bayi 500 masu riƙe da sandunan zinariya. Ba na zubar da maganarsu, malamai ne na ƙwarai. Ina dai sa yara su cire 1324 daga 1650, su ga tazarar da idonsu.

Hotunan waya da wasannin kwamfuta irin su Civilization, inda ake zaɓarsa a matsayin jagoran Mali mai tara zinariya, duk gida na uku suke.

Hoto ɗaya ne ya cancanci a tsaya a kansa, kuma ina roƙonka ka buga shi a takarda ka kai aji. Shi ne na taswirar da aka zana a tsibirin Mayorka a 1375, wadda yanzu take ɗakin karatu na ƙasa a Faransa. Ka sa yara su matso su duba da kyau. Sarki baƙar fata zaune, hannu ɗaya ya ɗaga dunƙulen zinariya, ɗayan riƙe da sanda mai kan fure, wani mai amawali bisa raƙumi yana nufo shi. Sai ka tambaya: wannan kambin da ke kansa, irin na sarakunan ina ne? Ba a jimawa wani zai ce na Turawa. To, mai zanen bai taɓa ganinsa ba, kuma Musa ya yi kusan shekara 40 da rasuwa lokacin. Abin da hoton ke shaida mana shi ne nisan da sunansa ya kai, ba kamanninsa ba.

Yanzu ka mayar da abin da aka yanke daga labarin, kuma nan ne nake ganin ana zaluntar yara. Da Musa ya dawo daga Makka guzurinsa ya ƙare, sai da ya ci bashi a hannun 'yan kasuwar Misra da riba mai nauyi. Ɗaya daga cikinsu, Sirajuddin ɗan al-Kuwaik, ya biyo sawun kuɗinsa har Timbuktu, can ya rasu, Ibn Battuta ya ambaci kabarinsa. Ka faɗa musu kuma cewa dubban masu ɗauke da kayan ayarinsa bayi ne, mata da maza, da suka taka Sahara da ƙafa. Ranar da na fara faɗar wannan ajin ya yi tsit, har wata ta tambaye ni ko duk sun dawo gida. Bidiyon minti ɗaya ba ya haifar da irin wannan tambaya.

Ka ƙara musu da abin da ya dawo da shi wanda ba zinariya ba. Ya zo da Abu Ishak al-Sahili, mawaƙin Andalus ɗan birnin Garnaɗa, wanda ya gina masa zauren fada mai ƙubba. Masallacin Jingareber na Timbuktu, da ake danganta ginin farkonsa da 1327, yana nan ana salla a cikinsa. Akwai kuma abin da yakan ba yara mamaki: a bakin maroƙan Mandinka, Sunjata da ya kafa daular shi ne gwarzo, waƙarsa ake rerawa, Musa bai sami rabin wannan matsayi ba. Sunansa ya fi ƙara a waje, a rubutun Larabawa da taswirar Turawa.

Wani yaro zai tambaye ka ko ya biyo ta ƙasar Hausa. Hanyar da malaman Timbuktu suka ambata ta bi ta Walata da Tuwat ne, don haka kada ka ƙaƙaba masa Kano. Alaƙarmu da Mali ta gaske ta fi wannan ƙarfi: tarihin Kano ya ce Wangarawa sun zo daga Malle zamanin Sarki Yaji, wanda ya yi mulki daga 1349 zuwa 1385, suka kawo addini fada. Aikin gida da nake bayarwa ke nan. Kowa ya samo saƙo ɗaya a kan Mansa Musa daga wayar gidansu, ya kwafe shi a littafi, ya ja layi ƙarƙashin kowace magana, ya rubuta 1 ko 2 ko 3 a gefenta. Ɗalibar da ta kawo min hoton nan ta dawo ran Litinin da magana 7, biyu kacal ta sa wa lamba 1, ta kuma nemi in ara mata takardar taswirar ta kai wa yayanta.