Kurakuran da ke ɓata zobon gida a Legas, da yadda za a gyara su

Zobon da ake sha kullum da abinci daban yake da na biki. Na biki an yarda ya yi kauri, ya sha sukari da kayan ƙamshi, don kofi ɗaya za a ba kowa. Na gida kuwa, wanda za a kora shinkafa da shi da rana a zafin Legas, so ake ya zama mara nauyi, ja garau, da ɗan tsaminsa. Yawancin kurakuran da ake yi daga ƙoƙarin mai da na gida na biki suke tasowa.

Tun a kasuwa ake fara kuskure. Zobon da ke Mile 12 ko Agege daga Arewa ake kawo shi, musamman Jigawa da Kano da Katsina, inda iska a bushe take. Nan kuwa laima ba ta barinsa, balle da damina. Ki damƙi kaɗan a hannu: mai kyau zai yi ƙaras-ƙaras, wanda ya sha laima zai lanƙwashe, wani lokaci har da warin fumfuna. Kada arha ta sa ki sayi bokitin fenti guda. Derika ɗaya, wato gwangwanin awo na kasuwannin Legas, ta isa, ki zuba a roba mai murfi. Ki ɗauraye shi da ruwan sanyi sau biyu, da sauri. Masu jiƙa shi su bar shi da sunan wanki, rabin kalar suke zubarwa a kwata.

Babban laifin dai a wuta ake yinsa. Wasu sai su ɗora tukunya su tafi wani aiki, zobo ya yi ta ɓararraka awa guda. Abin da za a samu shi ne ruwa mai duhu da ɓauri, mai kama harshe. Daga nan sai a ce ya yi tsami, a danna sukari, ya yi kauri, a ƙara filebo don a rufe warin dahuwa, gyara yana haifar da wata ɓarnar. Kofi 1 na busasshen zobo da kofi 8 na ruwa ya wadatar. Ki fara tafasa citta da kanumfari da ɓawon abarba, don su ne masu buƙatar wuta, sannan ki zuba zobon, minti 10 ki sauke, ki rufe ya huce da kansa. In ba sauri kike ba ma, jiƙa shi a firji ya kwana ya fi ba da kala mai haske. Tukunyar silba (stainless) za ki sa, ba ta dalma ba, domin tsamin zobo yana cin dalma, har ki ji ɗanɗanon ƙarfe.

Kanwa kuma, na san iyayenmu da ita suke kashe tsami, kuma tana kashewa. Amma ki lura da tukunyar lokacin da kika jefa ta: jan nan take yake komawa baƙi-baƙi, don sinadarin da ke ba zobo kalarsa tsami ne ke riƙe da shi. In ta yi yawa sai ya koma lami. Ni dai gara in ƙara ruwa, ko in niƙa kokwamba in tace a ciki.

Sai a duba abin da za a ci. Tsire da kilishi da miyar ofada duk yaji ne, to zobon da aka cika wa citta da masoro wuta yake ƙara wa bakin mutum. Da irin waɗannan a rage kayan yaji, a bar tsamin ya wanke maiƙo. Masa da dambu da alale su ne ke ɗaukar zobo mai citta. Sukari kuwa sai an tace, kaɗan-kaɗan ana ɗanɗanawa. Mazarƙwaila ko dabino ma suna yi.

Ajiya ce ke kayar da masu sayarwa. Zobo mai sukari da abarba, in aka ɗauke wuta ya wuni a waje, zai fara tsami irin na lalacewa. Da kin ga gora ta kumbura, ko ta yi huci da kumfa in an buɗe, ya fara rikiɗa, zubarwa za a yi. Dabarar ita ce a ajiye shi ba sukari, a riƙa sa wa wanda za a sha kawai, kuma a wanke gorunan da ruwan zafi. Ƙanƙarar da aka sayo a titi a sa ta a kula a kewaye gorunan, kada a jefa ta cikin zobon.

Zobo yana ɗan sauke hawan jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tambayi likita kafin su mai da shi abin shan kullum.