Tikiti biyu, tafiya ɗaya: kurakuran da ke sa jirgi ya tashi ya bar mutum

A shekarun da na yi ina yankar wa mutane tikitin jirgi a Kano, babu kiran wayar da ke faɗar min da gaba kamar na dare daga Legas. Wani dattijo ɗan Kantin Kwari ya taɓa kirana wajen ƙarfe tara, muryarsa na rawa. "Ɗana, wai sun rufe awon kaya. Ga jirgin can ina hango shi, wallahi bai tashi ba." Tikitinsa na Legas zuwa Chaina ni na yanka, na Kano zuwa Legas kuwa yaron shagonsa ne ya saya masa ta waya. Jirgin da ya kamata ya bar Kano da la'asar, hazo ya riƙe shi har bayan magariba. Na ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ka nemi wuri ka zauna, bari in ga abin da zai yiwu." Abin da ya yiwu ɗin shi ne kwana biyu a Legas da ƙarin kuɗi mai ciwo.

Tushen matsalar ɗaya ne, kuma yawancin matafiya ba su taɓa jin an yi musu bayaninsa ba. Idan tafiyarka duka tana kan tikiti ɗaya, misali Kano zuwa Adis Ababa zuwa Guangzhou, kamfanin ya ɗauki alkawarin kai ka har ƙarshe. In jirgin farko ya makara ka rasa na biyu, nauyinsu ne su saka ka a wani ba tare da ka ƙara sisi ba, kuma kayanka da ka auna a Kano ba za ka sake ganinsu ba sai a inda za ka sauka. In kuwa tikiti biyu ne daban-daban, ciniki biyu ka yi da mutum biyu da ba ruwan ɗaya da ɗaya. Na farko ya kai ka Legas, ko da a makare, ya sauke nauyinsa. Na biyu ya kira sunanka bai gan ka ba, ya rubuta ba ka zo ba.

Kuskuren farko shi ne mutum bai ma san tikiti biyu ne a hannunsa ba. Ejan ya turo masa takarda ɗaya ta WhatsApp, jirage a jere, sai ya ɗauka shi ke nan. Duba lambar tikitin da kanka. Lambobi 13 ne, ukun farko su ne shaidar kamfanin da ya fitar da shi: 071 na Ethiopian Airlines ne, 077 na EgyptAir, 157 na Qatar Airways. In ka ga jirgin farko yana ƙarƙashin wata lamba, na biyu yana ƙarƙashin wata, to ka tsaya. Lambar ajiyar gurbi mai haruffa shida kaɗai ba ta isa hujja ba, domin ejan na iya haɗa tikiti biyu a ƙarƙashinta. Ka tambaye shi kai tsaye: "In jirgin farko ya makara, wa zai biya na biyu?" In ya fara kame-kame, ka samu amsarka.

Sai lissafin lokaci, wanda nan ne aka fi zubewa. Mutum ya ga zai sauka Legas ƙarfe shida, jirginsa na waje zai tashi ƙarfe tara, ya ce ai awa uku ce, har da ta cin abinci. Ba awa uku ba ce. Yawancin kamfanonin ƙasa da ƙasa suna rufe awon kaya awa ɗaya kafin tashi, saboda haka ƙarfe takwas ne iyakarka. Daga sauka zuwa buɗe ƙofar jirgi zuwa fitowar kayanka, ka ware minti arba'in, wani lokacin fiye. Sannan a Legas ɓangaren jiragen cikin gida, ko ginin da ake kira MMA2 ko tsohon ginin, ba a haɗe yake da na ƙasa da ƙasa ba. Sai ka fita da kayanka, ka nemi mota, ka hau titi, kuma duk wanda ya san Ikeja da yamma ya san abin da nake nufi. In ka isa, ga layin shiga, ga masu binciken jaka, ga layin awo. Awa ukun nan ta koma minti talatin, kuma wannan in jirgin Kano ya tashi a kan lokacinsa ke nan, ko minti ɗaya bai ƙara ba.

Ni dai ba na yarda in bar wa mutum ƙasa da awa shida tsakanin tikiti biyu a Legas. Abuja ta fi sauƙi, domin gine-ginen biyu suna kusa da juna, kuma in abu ya ɓaci tun da safe, mutum na iya shiga mota daga Kano ya isa kafin jirgin dare. Legas ba ta da wannan mafitar.

Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa, awa shida ma ba ta kwantar min da hankali. Idan hazo ya sauko sosai, jirgin da zai ɗauke ka ba zai iya sauka a filin Malam Aminu Kano ba, balle ya tashi da kai. Akan wuni ana jira, a ƙarshe a ce sai gobe. Da damina ma hadari kan yi irin wannan, sai dai shi yakan wuce cikin awa ɗaya ko biyu. A hunturu ka tafi tun jiya, ka kwana a can. Na san kuɗin masauki ba kaɗan ba ne, na kuma san ɗan kasuwa ba ya son rasa wuni guda a shago. Amma ka ɗora kuɗin kwana ɗaya a gefe, ka ɗora kuɗin sabon tikitin Chaina da aka saya a ranar tafiya a ɗaya gefen, ka ga wanda ya rinjaya. Kada garin neman gira a rasa ido. Haka kuma ka guji jirgin ƙarshe na ranar. Jirgi ɗaya ne ke ta kai-komo tsakanin garuruwa tun asuba, duk jinkirin da ya kwasa a hanya kan na yamma yake sauke shi, kuma in aka soke shi babu wani a bayansa.

Ƙaramin abu mai babban amfani: a sa lambar wayarka da imel ɗinka a tikitin, ba na ejan ko na yaron shago ba. Kamfanoni kan sauya lokacin tashi su turo saƙo, mai tafiya bai sani ba.

Akwai kuskuren da ya fi duk waɗannan tsada, wato yin shiru. Mutum yana zaune a Kano, ya riga ya ga ba zai riski jirgin Legas ba, amma sai ya zuba wa sarautar Allah ido, wai ko su ma za su makara. Ka sani, in ba ka hau jirgin farko na tikiti ba, galibi na'ura kan soke duk sauran, har da na dawowa. Tikitin ya ƙone ke nan, ko kuma a farfaɗo da shi da tara mai nauyi. Da zarar ka ga lissafi ya ƙi, kira ejan ko kamfanin tun jirgin bai tashi ba, a ɗaga maka zuwa wata rana. Kuɗin sauya rana kusan kullum ya fi na rashin zuwa sauƙi. Hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, wato NCAA, tana da jami'an sauraron koken fasinjoji a filayen jirgi, kuma kana da haƙƙi a kan kamfanin da ya ɓata maka lokaci, amma kada ka sa rai shi zai saya maka sabon tikitin waje.

A ƙasashen waje wani sabon tarko ke jira, kuma ɗalibanmu masu neman araha a intanet su ne suka fi faɗawa. Mai tikiti biyu yawanci sai ya karɓi jakarsa ya sake auna ta, jakar kuwa tana bayan jami'an shige da fice. Wato sai ka shiga ƙasar, shiga ƙasa kuma sai da biza. Mai fasfon Najeriya yana bukatar bizar yada zango a ƙasashen Turai na yankin Schengen da Ingila ko da ba zai fita daga filin ba, sai in yana riƙe da wata takardar da ta ɗauke masa, kuma bizar zama cikin fili ba ta ba shi izinin tsallakawa ya ɗauko jaka. Amurka kam kowa sai ya bi ta shige da fice. Sau da yawa tun a nan gida za a hana mutum hawa, domin kamfanin farko yana kallon inda tikitinsa ya ƙare a matsayin inda za ka. A kuma duba sunan filin da kyau. Istanbul tana da biyu, Sabiha Gökçen yana can ɓangaren Asiya. A Landan, Heathrow daban, Gatwick daban. Dubai daban, Sharja daban.

Masu Umara da ke sayen tikitin Jidda zuwa Madina daban, ku tuna da layin shige da fice, musamman a goman ƙarshe na azumi. Gara a sayi tikitin jirgin ƙasa na Haramain da tazara mai yawa, ko a bar shi sai an fito. Agogon Saudiyya ya wuce namu da awa biyu, na Dubai da uku, na Chaina da bakwai, kuma kowane lokaci a tikiti na garin da aka rubuta ne. Jirgin da aka sa 00:30 ranar Talata, daren Litinin ake zuwa masa. Na ga Hajiyar da ta iso kwana ɗaya cur bayan jirginta ya tafi saboda wannan.

A dawowa ma haka abin yake, sai dai asarar ta fi sauƙi tunda tikitin Legas zuwa Kano ne zai salwanta. Amma ka tuna da kwastam, ka kuma tuna jaka biyu masu kilo 23 da kamfanin waje ya yarje maka, jirgin cikin gida ba lallai ya ɗauke su kyauta ba. Ka tambayi kilo nawa ne naka kafin ka saya, ka ware kuɗin ƙarin a aljihu, kuma ka zaɓi tikitin da ake iya sauya masa lokaci.