Yadda ake haɗa motar rimot da za ta jure rairayi da zafin Maradi

Motar rimot iri biyu ce, kuma tun daga nan kuɗin mutane da yawa ke salwanta. Akwai wadda ake saya wa yara da Sallah, an like ta ruf, in taya ɗaya ta karye sai juji. Akwai kuma ta masu sha'awa, wadda kowane sashe nata yake kwancewa da noti kuma ana sayar da madadinsa. Gane su ba wuya. Murɗa sitiyarin rimot ɗin kaɗan: in tayoyin gaba sun karkata kaɗan daidai da hannunka, ta gaske ce, in sun fizge gaba ɗaya zuwa gefe guda, ajiye ta. Sannan ka tambayi mai sayarwa ko zai iya samo maka hannun tayar gaba in ya karye. In ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.

Dokata ita ce, in da yaro za ku yi abin, a sayi wadda ke zuwa a warwatse cikin kwali a haɗa ta a gida. Kamfanin Tamiya na Japan ya fara irin waɗannan a 1976 da wata Porsche 934, a 1984 kuma ya fitar da Grasshopper da Hornet, waɗanda ya sake bugawa daga baya kuma har yau ana samunsu. A can, uban da ya yi wasa da Hornet yana yaro shi ne ke saya wa ɗansa irinta. Mu nan da motar kara da ta gwangwani mai dogon sitiyarin waya muka tashi, amma hannun da ya lanƙwasa waya ya yi gatari, ko ya taɓa kwance injin babur ko keken ɗinki, ba ya jin tsoron wannan aikin. Dattawan gida sukan fi samari iya shi, don ba sa gaggawa.

Ɗauki girman 1/10, wato kashi ɗaya cikin goma na motar gaske, mai dogayen ƙafafu da manyan tayoyi. Kada kyan hoto ya ja ka ga masu kwanciya a ƙasa kamar motar tsere. Waɗannan kwalta mai santsi suke so, kuma kwaltar da muke da ita ta manyan motoci da ƴan kabu-kabu ce. Abu na biyu da zan duba kafin launi, kafin gudu, shi ne ko giyoyinta a rufe suke cikin akwati. Grasshopper da Hornet da DT-03 duk haka suke. Akwai ƴan China irin WLtoys da ke zuwa a haɗe, sun fi araha nesa ba kusa ba, suna kuma da gudu, sai dai gudun ya fi ƙarfin yaro mai koyo.

Ka sani ba komai ne ke zuwa cikin kwalin ba. Rimot da risiba mai karɓar saƙonsa a cikin mota, sarbo mai juya sitiyari, batir, caja da fenti, galibi daban ake sayensu. Na ga mutane sun jira kaya makonni, ta Yamai ko ta Kano, sun haɗa mota tsaf, sannan suka gane babu abin da zai motsa ta. Yi odar komai lokaci guda, ka ƙara da hannuwan gaba biyu da babbar giya ɗaya na ajiya, domin kuɗin aike ya kan fi kuɗin waɗannan ƙananan abubuwa. Batir irin LiPo kuma jiragen sama suna da tsauraran ƙa'idoji a kansa, shi ne ke makara, don haka da shi za ka fara.

Ranar haɗi, ban da tabarma, ban da tsakar gida. A samu tebur da babban tire, a kashe fanka. Notuna suna zuwa cikin ƴan ledoji masu haruffa, A, B, C, kada a buɗe ta biyu sai an gama da ta farko. Ba yaro aikin nemo noti ya ɗora shi kan zanen littafin, don an zana su daidai girmansu na gaske. Kan notin Japan ya ɗan bambanta da na sukundireban da ke kasuwa, in ba ka samu mai alamar JIS ba to ka danna sosai kana murɗawa a hankali. Notin da ke shiga roba, da zarar kansa ya zauna ka tsaya. Ƙarin rabin murɗa na "don ya kama da kyau" shi ne ke cinye ramin.

Cikin kwalin za ka ga ƴan zobba na roba ko na tagulla da gatari ke juyawa a ciki. Kada ka sa su. Sayi boris tun farko, yawanci mai awon 5x11x4 milimita, kuma mai murfin roba, ba na ƙarfe ba. In ka ce sai daga baya, motar gaba ɗaya za ka sake kwancewa.

Yanzu ga wurin da motocin Maradi ke mutuwa, wato giris da haƙoran giya.

Littafin zai nuna maka ka shafa giris a wurare da yawa. An rubuta shi ne don ƙasar da ba ta san hunturu irin namu ba. Giris da ke waje, da zarar rairayi ya hau shi, ya koma dutsen wasa wuƙa, yana cin ƙarfe da roba a kowane juyi. Don haka cikin akwatin giya kaɗai za ka sa, shi ma shafa ce ba cikawa ba. Sandunan da ke kai juyi ga tayoyin baya, da kofunan da suke shiga, da duk wata gaɓa da ido ke gani, a bar su a bushe. Za su yi ƴar ƙara, ba komai. Kafin ka rufe akwatin, ja siririn layin giris a bakin da ɓangarorin biyu ke haɗuwa, ka ɗaure, ka goge abin da ya tsatso waje tas. Wannan layin ne ke tare ƙura. In akwai ramin dubawa, a like shi da salatif.

Sai haɗuwar ƙaramar giya ta kan inji da babbar giya ta roba. In sun matse da yawa, inji zai yi zafi, batir ya ƙare da wuri, ka ji motar tana wani siririn kuka. In sun yi sako-sako, sai ka ji ƙas-ƙas, kuma ranar da ta diro daga tudu da totur a danne haƙoran babbar su share. Ga yadda ake yi: sassauta notunan inji, yanko siririyar takardar littafin makaranta, sa ta tsakanin giyoyin biyu, tura inji har ya danne ta, ɗaure, sannan ka juya giya takardar ta fito. Riƙe ƙaramar da yatsa ka girgiza babbar, ya kamata ka ji motsi ɗan ƙanƙani, kamar babu. Kada ka tsaya a wuri ɗaya. Juya babbar ka gwada a wurare uku ko huɗu, domin giyar roba ba ta cika zama da'ira sak ba, kuma da wurin da ya fi matsewa ake saiti. Wasu motocin ba sa buƙatar takarda, ramuka ne masu lamba, sai ka sa noti a ramin da ya dace da yawan haƙoran ƙaramar giyarka. Ƙirga haƙoran da kanka, kada ka yi kirdado.

Ɗan notin da ke riƙe ƙaramar giya dole ya sauka kan gefen sandar inji da aka fafe, da ɗigon man kulle noti. Man nan ƙarfe da ƙarfe kawai, in ya taɓa roba yana sa ta tsage. In giyar da ta zo cikin kwalin ta alminiyam ce, canza ta da ta ƙarfe, don tana cinyewa ta bar baƙin gari a akwatin. Wajen saye a kula da girman haƙori: mai lamba 0.6 da mai lamba 48P a ido kusan ɗaya suke, amma ba sa zama tare, kuma na ga babbar giya sabuwa fil ta tafi a batir ɗaya saboda wannan.

Sarbo kuwa, kafin ka ɗaura masa hannu, jona shi da risiba, kunna rimot, kunna mota, bar shi ya tsaya a tsakiyarsa, sannan ka ɗaura. Wanda ya tsallake wannan zai samu mota mai juyawa dama da kyau, hagu da ƙyar. Kullum rimot ake fara kunnawa, shi ake kashewa a ƙarshe. Ɗauki mai 2.4 GHz, yara goma za su yi wasa a fili ɗaya ba mai shiga layin wani. In tsohuwar mota ce ka tsinta a kayan gwanjo, mai doguwar eriya da 27 MHz, gangar jikinta kawai za ka riƙe. Cire rimot ɗin, cire tsohon makunnin gudu mai farin dutsen nan da ke ƙona yatsa, sa makunnin gudu na zamani da ake kira ESC. Haɗa wayoyin da dalma aikin minti kaɗan ne ga mai gyaran rediyo ko salula na unguwarku, ba sai ka sayi kayan aikin ba. A bi tsohuwar roba a hankali, ta bushe.

Tayoyi a like su da bakin wili da sufa gulu, in ba haka ba wili zai riƙa juyawa a ciki. Ƴan ramukan iska da ke jikin wili a toshe su da salatif, don rairayi na shiga ya taru, taya ta yi nauyi gefe guda.

Zafi shi ne abokin gaba na biyu. A Afrilu da Mayu, lokacin da ake haura digiri 40 a inuwa, inji ya riga ya yi rabin hanya kafin a kunna shi, ga rairayi mai laushi yana riƙe taya. Fitar farko minti biyar kawai, sai a tsaya a taɓa inji. In yatsa bai iya daƙiƙa uku ba, ya kai wajen digiri 70, a bar shi ya huce, a sauko da ƙaramar giya da haƙori biyu. Gudu zai ragu kaɗan, inji ya daɗe. Cikin Gulbi da rani yana jan ido, faɗi ga shi ba kowa, amma can ne inji ke ƙonewa. Ƙasa mai tauri ta filin ƙwallo ta fi, da sassafe ko bayan la'asar. Kada a cire batir a sa wani nan take.

Ga yaro ni batir irin NiMH mai bolt 7.2 nake ba da shawara, yana da nauyi amma yana da haƙuri. LiPo mai ɗaki biyu, bolt 7.4, ya fi ƙarfi, sai dai yana da sharuɗɗa. Kowane ɗaki yana cika a 4.2, kada ya sauka ƙasa da 3.0, don haka a kunna saitin yanke wuta na ESC. In za a ajiye shi fiye da ƴan kwanaki, a bar shi a 3.8. Mai 5000 mAh a yi masa caji a amfiya 5 ko ƙasa, da wayar daidaita ɗakuna a jone. Sa shi cikin tukunyar ƙasa mai rairayi a gindi, a kan siminti, da babba a kusa. Ban da cikin mota a rana, ban da ƙarƙashin matashi. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Nemi cajar da ke karɓar bolt 12, sai ka jona ta da batirin sola, ɗaukewar wuta ba ta shafe ka ba.

Ƙarin ƙarfi yana da jeri, kuma kowa daga ƙarshe yake so ya fara. Tayoyi masu ƙurji tukuna, sannan shokazoba mai mai a maimakon mai sifirin zalla, da man silikon mai ɗan kauri tunda zafi na tsinka shi, sannan sarbo mai giyar ƙarfe. Inji marar gawayi, wato burashles, shi ne na ƙarshe. Yana da amfani na gaske a nan, domin a rufe yake, ba ya shaƙar ƙura kamar mai gawayi. Amma a tsaya wajen 3000 KV, lambar da ke nuna saurin juyin inji. Fiye da haka, motar da aka tsara a 1984 sai ta riƙa tashi da ƙafafun baya tana karya hannuwa.

Kafin rimot ya shiga hannun yaro, rage totur zuwa rabi, yawancin rimot suna da maɓallin. Ajiye gwangwani biyu da tazarar taki goma, ya riƙa zagaya su yana ratsa tsakiya. Wahalar tana lokacin da mota ta fuskanto shi, dama ta koma hagu. Zai ce, "Baba, a ƙara mini wuta." Amsar ita ce sai ya gama batir guda bai taɓa gwangwani ba. Wannan sharaɗin ya hau kan Alhaji ma in ya karɓa, kuma jikoki ne alƙalai. A nisanci titi da amalanke, jaki yana firgita da ƙarar, jajayen awakin unguwa kuma ba sa kaucewa.

In bodin na robar nan ce da ake hango ciki, fenti ta ciki ake fesa shi, bayan an wanke bodi da sabulu, launi mai duhu a fara, kuma sai wanda aka yi don irin wannan robar, na mota ɓarewa yake. Bayan kowane wasa a cire batir, a kaɗe ƙura da busasshen buroshin fenti ko iskar mai faci, ban da ruwa. Cire tayoyin ka duba bayan wili, nan ƙarangiya da zaren leda ke naɗewa su ci murfin boris. Juya kowace taya da hannu, wadda ka ji tana gurza, boris ɗinta ya sha rairayi, a canza shi kafin fita ta gaba.