Harbi da ɗuri a gasar bindigar tsuntsaye: kurakuran da aka fi yi da yadda ake gyara su

Mu da muka tashi muna jin ana kiran bindigar maharba da harba-ka-ruga mun san matsalar tun kafin mu ga filin gasa. Harbin ba ya ɗaukar lokaci. Sake ɗurin ne ke sa mutum ya ruga. Bindigar da ake gasa da ita a Turai da Amurka ta yi wa waccan nisa ta kowace fuska, amma ciwon bai canja ba: harsashinta manya ne, cikinta ba ya ɗaukar da yawa, kuma a yawancin rukunoni da hannu ake cusa su.

Gasar da nake magana a kai ita ce ta IPSC, ƙungiyar wasan harbi ta ƙasa da ƙasa, wadda aka kafa a 1976 a garin Kolumbiya na jihar Misuri a Amurka. Ɓangarenta na bindigar tsuntsaye, wato mai watsa ƙananan ƙwayoyin dalma, ya fara gasar duniya a 2012 a Debrecen ta Hungary, aka yi ta biyu a Italiya a 2015, ta uku a Faransa a 2018, sai Pattaya ta Tailan a 2023. Gasa kashi-kashi take, kowane kashi ana ce masa zango. A kowane zango akwai farantan ƙarfe da dole su faɗi, wani lokaci da faifan yumɓu ko allon kwali, ga alƙalin fili a bayanka riƙe da agogon da ke jin ƙarar kowane harbi. Ana raba makin da ka samu da daƙiƙun da ka ɓata. Abin da ya fito shi ne matsayinka.

Kuskuren farko, wanda kusan duk sabon shiga ke yi, shi ne zaton cewa sauri a ɗan yatsa yake. Zai ga bidiyon gwani yana kwantar da faranti shida kamar ana kaɗa ganga, sai ya je fili ya ƙona kwali bayan kwali na harsashi yana neman rage tazarar da ke tsakanin harbi da harbi. Mu yi lissafi. Zango mai faranti 16 yana da tazara 15. In ka wahala wata uku ka rage 0.05 na daƙiƙa a kowace tazara, ribarka duka ba ta kai daƙiƙa ɗaya ba. Harsashi biyu da suka suɓuce daga hannunka lokacin ɗuri kuwa suna iya cinye daƙiƙa biyu nan take, ban da ruɗewar da za ta biyo baya.

Ga kuma tarar kuskure. Faranti maki 5 ne. In ka bar shi a tsaye, ka rasa biyar ɗin, a kuma zare maka 10. Wanda ya kwantar da 16 cikin daƙiƙa 20 yana da maki 80, a raba ya tashi da 4.0. Wanda ya gama cikin 17 amma ya bar faranti ɗaya yana da 65, ya tashi da 3.82. Ya riga shi gamawa da daƙiƙa uku cur, ya sha tafi, kuma yana ƙasa a takardar sakamako. Gyaran a nan ba sabon salo ba ne, sauya rabon lokacin atisaye ne. Mafi yawansa ya tafi kan ɗuri da motsi, harbi ya ɗauki saura. Abin daɗin shi ne ɗuri ba ya cin kuɗi, da harsashin bogi ake koyonsa a gida, bayan an tabbatar babu mai rai ko ɗaya a ɗakin.

To shi ɗurin. Tsohon salo shi ne ka damƙo huɗu a tafi ka riƙa tura su ɗaya bayan ɗaya da babban yatsa. Daga baya aka koma tura biyu lokaci guda, ɗaya a bayan ɗaya kamar batiran tocila. Yanzu abin da ya mamaye fili shi ne kwad: ka ciro huɗu daga ɗamara, jeri biyu, ka tura jerin farko, hannu ya dawo, ka tura na biyu. Gwanaye suna zuba takwas cikin kimanin daƙiƙa huɗu, wasu ƙasa da haka. Ana yinsa ta hanya biyu. Ko dai ka ɗora gindin bindiga a kan kafaɗa, hannun hagu na riƙe da gaba, ka ɗura da hannun dama, ko ka kifa bindigar ka maƙale gindinta a hammata ka ɗura da hagu. An daɗe ana musu kan wanne ya fi. A ganina wannan musun ɓata yawu ne, domin an ci manyan gasa da kowanne. Abin da ke cutar da mutum shi ne sauyawa duk bayan mako biyu saboda ya ga sabon bidiyo. Zaɓi ɗaya ka zauna a kai har hannu ya daina neman shawararka.

Kuma kada ka yi tsalle zuwa huɗu kafin biyu su zauna. Ni na yi wannan, na kuma biya. A wata ƙaramar gasar kulob, bayan na harba tara na juya bindiga da isa, na damƙo huɗu, jerin farko ya shiga. Na biyun kuwa ƙaramin yatsana ya sake shi tun kafin ya kai ƙofa. Ina jin ƙarar faɗuwarsu a kan tsakuwa, ɗaya ya gangara ya tsaya daidai gaban takalmin alƙali. Sai na tsaya ina kallonsa, kamar zai tashi ya dawo. Wani dattijo da ya daɗe a harkar ya ja ni gefe bayan na sauke, ya ce abin da ya faɗi ya faɗi, hannunka ya koma ɗamara kawai. Tun daga ranar nake ɗaukar harsashi fiye da buƙatar zango, kuma na koma ɗurin biyu-biyu har sai da na yi wata guda ban zubar ba.

Mafi yawan ɗurin da ke lalacewa a ɗamara yake lalacewa, ba a bindiga ba. In damƙar farko ta karkace, babu gyara a hanya. Babban yatsa ya sauka a kan gindin harsashi na sama, sauran yatsu su naɗe jerin biyu, kuma maratayan da ke riƙe harsashi a ɗamara su zauna wuri ɗaya a ƙugu kullum, a kusurwar da wuyan hannu ba sai ya lanƙwashe ba. Mai matsar da su yau dama gobe hagu yana koya wa hannunsa ƙarya ne.

Sai turawar da ba ta kai ba. A bakin bututun harsashi akwai ɗan maƙalin da ke riƙe na ƙarshe. In yatsa ya janye kafin gindin harsashi ya wuce shi, sifirin zai tofo shi baya ya kwanta a kan cokalin da ke ɗaga harsashi, bindiga ta cije. Wannan cijewar na iya cin daƙiƙa biyar ko fiye, ga ta da ban haushi domin kai ka jawo ta. Yatsa ya bi harsashin har cikin bakin bututu, ka ji ɗan ƙas ɗin nan. Wasu cokulan suna da baki mai tsaga da ke cizon babban yatsa, shi ya sa mutane ke tsoron turawa sosai. Ana sayar da cokali mai cikakken baki, kuma maƙerin bindiga na iya faɗaɗa ƙofar ɗuri ya goge kaifinta. Ka dai duba dokar rukuninka tukuna, kuma kada ka ɗauki zarto ka hau kanta da kanka bayan kallon bidiyo ɗaya. Ƙarfen da aka ci ba ya dawowa.

Duk wannan gwaninta ba ta da amfani in a tsaye kake yinta. Nan ne ake zubar da lokaci mafi yawa, kuma ba a ganinsa domin mutum yana jin yana aiki. Ana raba 'yan gasa rukuni-rukuni bisa irin bindigarsu, kuma a rukunin Standard ba a fara zango da fiye da harsashi 9 a bindiga. Zango matsakaici na iya neman 16, dogo har 28. Ke nan ɗuri dole ne, tambayar kawai ita ce a ina. In akwai taku shida tsakanin taga ta farko da ake harbi ta cikinta da ta biyu, kuma ka ɗura a cikin takun nan, ɗurin kusan kyauta ya zo. In ka ruga da gudu ka isa taga sannan ka tsaya ɗuri, ka biya kuɗin tafiya ka biya na ɗuri. Gara tafiya mai ɗan sanyi da hannu yana aiki. Wani abin da sababbi ba sa lura da shi: iyakar 9 ɗin ta farawa ce kawai. Da zarar agogo ya yi ƙara, in bututunka na ɗaukar 12, kana iya ƙara huɗu a takun farko bayan harbi ɗaya ko biyu.

Wannan yana buƙatar ƙidaya, kuma a 'yan mintunan da ake ba ku na zagaya zango ake yinta. Da yawa suna ɓata mintunan suna nuna faranti da hannu suna cewa bam bam. Abin da ya kamata ka fito da shi jimla ce gajera: shida a nan, ɗura takwas ina tafiya, bakwai a can, ɗura huɗu, ƙarasa. Ka bar rarar ɗaya ko biyu a kowane wuri saboda farantin da zai ƙi faɗuwa. In ka yi ƙarin harbi biyu a taga ta farko, lissafin ya canja, kuma nan take ya kamata ka san ɗuri na gaba ya ƙaru.

Wanda bai ƙidaya ba zai ji shiru a tsakiyar jeri, sakatar da ke rufe harsashi a cikin bindiga ta tsaya a baya, bindiga wayam. Yanzu sai ya jefa ɗaya ta gefe, ya rufe sakata, sannan ya juya bindiga ya yi ɗurin da ya kamata ya yi tun ɗazu, duk a tsaye gaban faranti. Saboda irin wannan ranar ake maƙala harsashi guda a jikin bindiga kusa da ƙofar gefe. Yana ceto, amma in kana amfani da shi a kowane zango, tsarinka ne ba daidai ba.

A ɓangaren harbin kansa, kuskuren da ya fi yawa shi ne yarda da tatsuniyar cewa wannan bindiga ba ta buƙatar saiti. A mita bakwai ko takwas ƙwayoyin dalmar ba su gama bajewa ba, kuskure faranti abu ne mai sauƙi. A mita 20 kuma sun baje har waɗanda suka samu faranti ba za su iya tura shi ba, ka ji ƙarar ƙarfe amma yana tsaye. Maganin shi ne cok, ɗan bututun da ake ɗaurawa a bakin bindiga don matse ƙwayoyin ko sake su. Ka kafa kwali a mita 10, 15 da 20, ka harba da kowane cok da irin harsashin da za ka shiga gasa da shi, ka ga faɗin da idonka. Ranar da aka jingina farantin da ba a so a taɓa kusa da wanda ake so, wannan sanin ne zai gaya maka nawa za ka kauce gefe, domin kayar da shi ma tarar 10 ce.

Ido ya riga bindiga isa faranti na gaba. Masu tsayawa su ga faɗuwar wanda suka harba suna ƙara kusan rabin daƙiƙa a kowane faranti ba su sani ba. Masu bindigar famfo kuma, wadda ake ja da turawa da hannu bayan kowane harbi, a rukunin Standard Manual, ciwonsu shi ne ja rabi: gaggawa ta sa hannu bai kai ƙarshen baya ba, ƙwanso bai fita ba ko sabo bai hau ba, sai kunama ta ce ƙyas. Ja da ƙarfi har ya bugu, tura har ya kulle, bindigar ba za ta karye ba. Bindigogi masu sarrafa kansu irin Benelli M2, da ke aiki da girgizar harbi, suna iya yin gardama da harsashi mai rauni ko bindigar da aka lafta wa kaya. Kada ka zo gasa da kwalin harsashin da ba ka taɓa gwadawa ba don ka same shi da araha.

Akwai kurakuran da ba daƙiƙa suke ci ba, gasar gaba ɗaya suke ci. Yatsa a cikin gidan kunama lokacin ɗuri ko tafiya, kora ce. Bakin bindiga ya wuce digiri 90 zuwa gefe ya leƙa baya, kora ce. Mai amfani da hannun dama ya fi faɗawa wannan lokacin da yake ɗuri yana tafiya hagu, domin bakin bindigar dama can hagu yake kallo, jiki na juyawa sai ya zarce. A irin wannan wuri ƙugu ya ci gaba da fuskantar gaba, ko ka ɗage ɗurin zuwa wani takun. Sai cakuɗa harsashi. Mai ƙananan ƙwayoyi ana harbin ƙarfe da shi daga mita 5 zuwa sama, amma dunƙulen dalma guda sai daga mita 40, saboda yadda yake tarwatsewa ya dawo. Dunƙule ɗaya da ya kwana a ɗamara daga zangon baya ya isa ya mayar da kai gida. Sayi su da launi daban, ka zazzage ɗamara da aljihu tas bayan kowane zangon dunƙule, sannan ka sake lodi daga kwali kana duban kowane ɗaya.