Kurakuran da Aka Fi Yi da Injin Huda Gurbi a Katako

Yawancin laifin da kafinta ke ɗora wa injin huda gurbi (ramin da ake cusa harshen wani katako a ciki don a haɗa su) yana faruwa ne tun kafin a kunna shi, wato wajen ɗaura cizal mai kusurwa huɗu da barimar da ke juyawa a cikinsa. Barima ce ke cin katako ta fitar da dusa, cizal kuwa aikinsa daidaita gefuna. Idan aka matse su babu tazara, sai ƙarfe ya riƙa gogar ƙarfe, a ji ƙara mai tsini, hayaƙi ya tashi, bakin cizal ya koma shuɗi, alamar zafi ya kashe ƙarfinsa, har ma yakan tsage. Maganinsa shi ne a saka siririn ƙarfe mai kaurin kimanin milimita 1.5 tsakanin kafaɗar cizal da mazauninsa, a tura barima sama har ta zauna a bakin cizal, a ɗaure ta, sannan a zare ƙarfen a ƙarasa tura cizal sama, ta yadda barima za ta riga shi shiga katako.

Tsagar da ke jikin cizal ita ce mafitar dusa, don haka a juya ta hagu ko dama, wajen da aka riga aka huda. Haka nan a tabbatar fuskar cizal ta yi daidai da majinginar katako, in ba haka ba bangon gurbin zai fito da haƙora-haƙora.

Kuskure na gaba shi ne bin huda a jere, kowace tana cin rabin ta baya, abin da ke sa cizal ya karkace zuwa inda babu katako. A fara da ƙarshen gurbin biyu, a bar tazara tsakanin hudoji, daga baya a cinye abin da ya rage. Hudar farko ita ce mai wuya, musamman a katako mai tauri, saboda haka a yi ta kaɗan-kaɗan ana ɗagowa, kuma maɗaurin katako ya riƙe sosai domin kada cizal ya ɗago shi. Zurfin gurbi ya zarce tsawon harshen da zai shiga da kamar milimita 3, saboda gam ya sami wurin zama. Gurbin da zai ɓulle kuwa daga fuska biyu ake huda shi.

Wajen wasawa, daga ciki ake wasa cizal da dutse mai siffar mazurari. Jikin cizal ta waje gogewa kawai yake so, domin cinye shi na rage faɗinsa. A cire filogi kafin a taɓa komai, a share dusa bayan aiki, a shafa ɗan giris a haƙoran da ke ɗaga kan injin.