Yadda za ka karanta microRNA da aikinsa a jikin mace ba sai da hadda ba

Ƙannena masu karanta ɓangaren haihuwa, wannan darasin ya taɓa kayar da ni a tes saboda na zauna ina haddace lambobi, miR kaza miR kaza (miR gajeren sunan microRNA ne), ana juya tambayar kaɗan komai ya watse min. To ga yadda na koma na kama shi.

Fara da abu ɗaya tak: microRNA birki ne. Ɗan guntun RNA ne, harufansa wajen 22 kacal, ba ya zama furotin, aikinsa ya je ya maƙale a jikin saƙon mRNA, wato saƙon da ake bi a haɗa furotin, ya hana a dafa furotin ɗin ko ya sa a lalata saƙon gaba ɗaya. A jikin wata 'yar tsutsa Victor Ambros da Gary Ruvkun suka fara gano shi a 1993, sai 2024 aka ba su Nobel, ka ga jira. Hanyar haɗa shi kuwa kar ka ɓata dare a kai, furotin uku ne ke aikin, Drosha ya yanka, Dicer ya sake yankawa, Argonaute ya ɗauka ya kai shi wurin aiki, shikenan.

Inda aikin yake shi ne zane. Ɗauko takarda da biro ja, duk microRNA da ka gani ka tambaya wa yake takawa, shi kuma wanda aka taka wa yake takawa. Gwada da miR-200b da miR-429. Su suna danne wani furotin ZEB1, shi kuma ZEB1 yana danne sinadarin LH, wanda shi ke sa ƙwai ya fito. Yanzu soke miR ɗin biyu da jan biron nan ka bi layin da yatsa, ZEB1 ya samu sake ya yi yawa, LH ya faɗi, ƙwai ya ƙi fitowa. Haka kuwa aka gani a ɓeraye mata da aka cire musu waɗannan biyun, haihuwa ta yi musu wuya sosai. Birki ne a kan birki, in ka gane wannan wallahi rabin darasin ya ƙare, don dangin miR-200 ɗin nan dai su ne ke ƙaruwa a mahaifa dab da naƙuda, su danne ZEB, tsokar mahaifa ta samu damar amsa kiran oksitosin ta fara murɗawa.

Sauran ka jera su bisa tafiyar ciki, kar ka bi lamba. Wajen fitar ƙwai miR-21 yana tashi bayan LH yana kare ƙwayoyin da ke kewaye da ƙwan daga mutuwa. A mabiyiya akwai wani gungun microRNA a kan kuromosom na 19 da har cikin jinin uwa ake tsintarsu, sai miR-210 da ake yawan samu ya hau a mabiyiyar masu hawan jinin ciki, irin wanda in ya yi tsanani yake kaiwa ga jijjiga.

Wani tarko da malamai ke so: a cikin ƙwan ɓera shi kansa microRNA kusan ba ya aiki, wasu 'yan uwansa siRNA ne ke riƙe da wurin. Kuma duk sakamakon da ka rubuta ka sa a gefe ɓera ne ko mutum, don yawancin gwajin cirewar nan a ɓera aka yi, in ka rubuta "mace" kai tsaye malam zai zaftare maka maki.